Liƙa wa Baka Baya: Tambayoyin da Sababbin Masu Sassaƙa Baka a Kumasi Suka Fi Yi

Samari da dama a Aboabo, Asawase da Sabon Zango sun fara sassaƙa baka da hannunsu, wasu don wasan harbin bara, wasu don sha'awar aikin itace kawai. Kusan kowa yakan tsaya a wuri ɗaya: katako ya fara lanƙwasa, tsoron karyewa ya shigo, sai a fara tambayar abin da za a liƙa a baya. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, daga na farko-farko zuwa masu zurfi.

Ina ne bayan baka, kuma me ake nufi da liƙa masa baya?

Idan ka riƙe baka za ka yi harbi, fuskar da ke kallon abin da kake hari ita ce baya, wadda ke kallonka kuma ita ce ciki. Da ka ja tsirkiya, bayan yana miƙewa kamar za a tsinka shi, cikin kuma yana matsewa. Ka lanƙwasa rake ka gani: ta waje yake fara tsagewa, ba ta ciki ba. Haka baka yake. Yawanci karyewarsa tana farawa ne daga siririyar tsaga guda da ta ɗaga kai a baya, sannan ta ratsa ƙasa cikin ƙiftawar ido.

Liƙin baya shi ne a manna wani abu mai jure ja, kamar ɗanyar fata, yadi, jijiya ko gora, a kan wannan fuska daga wannan kai zuwa wancan, don ya danne tsagar kafin ta tashi.

Dole ne kowane baka sai an liƙa masa baya?

A'a. Bakunkunan maharban Arewa ba a liƙa musu komai, domin daga reshe ko sanda guda ake yin su, irin su dargaza da gora, ana barin fuskar da ke ƙarƙashin ɓawo yadda Allah ya halicce ta. Zaren itacen bai yanke ba tun daga sama har ƙasa, shi ya sa yake jure ja. Dogon bakan Ingila ma haka ne. Waɗanda aka tsamo daga jirgin ruwan Mary Rose da ya nutse a 1545 itace ne zalla, farin ɓangaren itacen na waje shi ne bayansu.

Matsalar tana zuwa ne daga katakon inji. Zarto bai san zaren itace ba, yana yanka ne a miƙe ko da zaren ya karkace. Duk inda zare ya ƙare a kan fuskar baya, nan tsaga za ta iya tashi. Tun da yawancinmu a cikin gari katakon kasuwa muke samu, shawarar da ta fi aminci ga sabon shiga ita ce ya liƙa.

Liƙin zai ƙara wa bakan ƙarfi ko saurin kibiya?

Ya danganta da abin da ka liƙa. Fata, yadi da takarda ba sa ƙara ƙarfin a zo a gani. Hasali ma nauyinsu a kan hannuwan baka, wato sassansa biyu masu lanƙwasa sama da ƙasan mariƙi, yana ɗan rage saurin kibiya. Aikinsu tsaro ne. Jijiya da gora kuwa suna aiki tare da itacen, suna ƙara nauyin ja sosai, amma kowannensu da irin wahalarsa, kamar yadda za a gani a amsoshinsu can ƙasa.

Abin da ya kamata ya zauna a ranka tun yanzu: liƙi ba ya gyara mugun katako, kuma ba ya gyara baka da aka sassaƙa ba daidai ba. Idan wuri ɗaya ya fi ko'ina lanƙwasa, nan zai karye ko da fatar saniya ka naɗe shi. Abin da liƙin zai yi maka a ranar shi ne ya riƙe gutsattsarin kada su tashi zuwa idonka, wanda shi ma ba ƙaramin amfani ba ne.

Wane katako zan nema idan na je kasuwar katako ta Sokoban?

Kafin sunan katako, duba zarensa. Ɗauki katakon ka bi layukan da ido a fuska da gefe, daga kai zuwa kai. Kana neman wanda layukansa suka tafi a miƙe ba su fita ta gefe ba, babu kulli, babu ramin ƙwaro. Za ka iya juya katako talatin kafin ka sami ɗaya, kuma mai sayarwa zai yi maka kallon wanda bai zo saye ba. Ka yi haƙuri da kallon. Yawancin itatuwan dajinmu suna da zare mai sarƙiya, wanda ke juyawa dama da hagu daga shafi zuwa shafi, shi ya sa zaɓe a nan ya fi na masu aiki da itatuwan Turai wuya.

Game da iri, da sunayen da ake kiransu a kasuwar katako: danta itace ne mai nauyi da jure lanƙwasa, shi ya sa ake ƙotar kayan aiki da shi, kuma da shi nake fara aika mutum. Esa ma ya cancanci gwaji, sai dai ƙwari suna son sa, don haka a duba shi da kyau. Katakon wawa ka bar wa masu silin da akwatuna. Ba shi da nauyi, ba shi da ƙarfin da zai riƙe matsi. Odum da tik suna da kyau a ƙofa da kujera amma suna da saurin ɓallewa idan aka lanƙwasa su, tik kuma ga maiƙo da ke hana gam kamawa. Madobiya kuwa gwamnatin Ghana ta hana sare ta da fitar da ita, kada ka sa kanka a ciki. Wanda yake Accra zai sami irin waɗannan a kasuwar katako ta can.

Tsawo ma tsaro ne. Ga mai jan tsirkiya baya har inci 28, a yi bakan inci 68 zuwa 72, wato wajen santimita 173 zuwa 183, faɗin hannu kusa da mariƙi santimita 4 zuwa 5, nauyin ja kada ya wuce fam 30 zuwa 40 a bakan farko. Dogo mai faɗi yana raba wahalar a jikinsa, gajere siriri yana tara ta wuri guda.

A wane mataki ake liƙawa?

Idan fata ce ko yadi ko takarda: bayan ka fitar da siffar bakan, ka rage cikinsa har ya fara ɗan lanƙwasa idan ka kafa kansa a ƙasa ka danna, amma kafin ka ɗaura tsirkiya ka fara ja da gaske. Daga nan duk sauran kankara daga ciki ake yi, ba a sake taɓa baya. Gora da siririn katako kuwa tun farko ake manna su, kafin a fara daidaita lanƙwasa, domin suna canza ƙarfin bakan gaba ɗaya.

Kafin ka shafa gam, goge bayan da samfefa ya yi sumul, ka kashe kaifin gefunan biyu su ɗan yi zagaye. Tsaga ta fi son tashi daga gefe mai kaifi. Sannan ka share ƙura da maiƙon hannu da tsumma mai ɗan sifirit.

To wanne ya fi dacewa da wanda bai taɓa yi ba?

Ɗanyar fatar akuya, idan kana da haƙurin gyara ta. Siririya ce, ba ta da nauyi, tana da ƙarfi, kuma a Zango ba sai ka yi nisa ba. In kana son ka gama cikin mako guda ba tare da warin fata a tsakar gida ba, ɗauki yadi. Sauran duka ka bari sai baka na biyu ko na uku.

Yaya zan sami fatar, kuma yaya ake gyara ta?

Wadda ake so ita ce wadda ba a jeme ba. Jemammiyar fata, irin ta takalmi da jaka, ta yi laushi, tana miƙewa da yawa, ba za ta danne komai ba. Masu haɗa ganga da kalangu suna da busasshiyar fatar akuya da aka riga aka cire wa gashi, kuma saye a wurinsu shi ne hanya mafi sauƙi. In ba haka ba, sai ka yi magana da mahauci tun kafin yanka, ko a mayankar Kaase ko lokacin Babbar Sallah, ka ce a feɗe maka kada a babbake. A nan ƙasar an saba babbake akuya da fatarta, kuma fatar da wuta ta taɓa ta tashi daga aiki. Ka roƙe shi ya kula da wuƙa, domin kowane yanka a fata rauni ne a bayan bakanka.

Gyaran ba shi da wuya. Kankare nama da kitsen da ya rage, ka jiƙa fatar a ruwan toka na wasu kwanaki kana juyawa, har gashi ya fara zamewa da yatsa. Kankare gashin, ka ɗauraye ta da ruwa mai yawa, kana canza ruwan har santsin tokar ya fita sarai. Sai ka miƙe ta a kan katako da ƙusoshi, ta bushe a inuwa inda kare da ɓera ba sa kaiwa. Idan ta bushe, yanka ɗauri biyu, wato dogayen zirin fata, a tsaye, daga wuya zuwa gindi, kowanne ya ɗan fi hannun baka faɗi. Fatar akuya ba ta kai tsawon baka ba, don haka kowane hannu da nasa ɗaurin, su haɗu a mariƙi ɗaya ya hau kan ɗaya kaɗan. Fatar saniya ta yi kauri; nauyinta zai kashe saurin bakan sai in an kankare ta sosai.

Yaya ake manna fatar?

Jiƙa ɗaurin a ruwa har ya yi laushi, ka wanke shi da ɗan sabulu don maiƙo ya fita, ka ɗauraye, ka matse shi cikin tawul har ya zama da danshi amma ba ya ɗiga. Shafa gam siriri a bayan bakan ka bari ya ɗan shige, ka sake shafawa, ka shafa wa ɓangaren nama na fatar. Ɗora daga mariƙi ka bi da babban yatsa zuwa kai, kana korar iska da rarar gam zuwa gefe. Ɗan ja kaɗan ya isa. Fatar da kanta za ta ɗame idan ta bushe.

Daga nan naɗe da bandeji, ba da ƙarfi ba, in ba haka ba zanen bandejin zai zauna a fatar har abada. Kada ka naɗe da roba ko leda, domin suna hana ruwa fita. Bayan wasu sa'o'i ka kwance ka duba: inda ka ga kumfa, huda da allura ka danna, ka mayar da bandejin. Washegari ka cire shi gaba ɗaya. Idan fatar ta bushe ta yi tauri, rage rarar gefe da magagari, kana gogawa daga baya zuwa ciki don kada ka ɗaga ta. A ƙarshe ɗaure kawunan biyu da mahaɗar mariƙi da zare mai gam. Maganar tsawon jira tana cikin amsar damina da hunturu.

Idan yadi zan sa, wane iri? Gaskiya ne har takarda ana sawa?

Lilin shi ne kan gaba, domin ba ya miƙewa da yawa kafin ya riƙe. Alharini na gaske ma yana da kyau kuma ba shi da nauyi. Auduga mai saƙa matsattsiya, irin ta buhun fulawa, tana biye. Abin gudu shi ne yadin roba, wanda shi ya cika kasuwar Kejetia: gam ba ya kama shi, kuma yana miƙewa. Gwajinsa da ashana ne. Zare ka ƙona. In ya zama toka na gaske ne, in ya narke ya dunƙule roba ce. Wanke yadin tukuna don sitaci ya fita, ka yanka shi yadda zaren tsaye zai bi tsawon bakan, ba a karkace ba. Shafa gam, shimfiɗa, sake shafa gam a sama har ya ratsa saƙar. Shafi ɗaya ya isa.

Takarda kuwa ana sawa, musamman mai kauri ruwan ƙasa irin ta buhun siminti, a zaɓi shafin da bai sha ƙura ba. Tana danne ƙananan tsagogi a baka mara nauyi, na yara ko na koyo. A baka mai fam 40 ban ba ta amana ba.

Wane gam ne yake riƙewa?

Ga fata, yadi da takarda, gam ɗin kafintoci ya wadatar, kuma a nemi mai jure ruwa. Titebond III shi ne wanda masu wannan aiki a ƙasashen waje suka fi ambata, amma kowane farin gam mai kyau da aka rubuta yana jure ruwa zai yi. Gam ɗin fata, wanda ake samu ta hanyar dafa guntayen fata ko jijiya a wuta mara ƙarfi har ruwan ya yi kauri, yana kama ɗanyar fata fiye da kowanne, amma yana shan danshin iska ya yi laushi, kuma iskar Kumasi ba ta rabuwa da danshi. Ga gora ko katako a kan katako, sai gam mai haɗi biyu mai jinkirin bushewa, ba na minti biyar ba, ko kuma na gari da ake damawa da ruwa irin Cascamite.

Gam ɗin masu gyaran takalmi bai dace ba ko kaɗan. Yana zama kamar roba, liƙin zai riƙa zamewa a kan itacen. Ƙaro ma ba na wannan aiki ba ne.

Na ji jijiya ta fi komai. Me ya sa ba za a fara da ita ba?

Jijiya abin mamaki ce. Ana busar da agarar saniya ko ta wata babbar dabba, a daka ta har ta warware zare-zare, a tsoma a gam ɗin fata mai ɗumi, a jera a bayan baka. Idan tana bushewa sai ta ɗame ta ja bakan baya, kuma tana iya miƙewa ninki da yawa fiye da itace ba ta tsinke ba. Da ita da ƙaho Turkawa da Mongol suka yi gajerun bakunkunansu masu nisan harbi, haka ma wasu ƙabilun asali na yammacin Amurka suka liƙa ta a gajerun bakunkunan itace.

Amma amfaninta yana fitowa ne a gajeren baka mai lanƙwasa sosai. A dogon baka na inci 70 nauyi kawai take ƙarawa. Ba ta aiki sai da gam ɗin fata, bushewarta na ɗaukar makonni har watanni, kuma ita da gam ɗin duka suna sakin jiki a danshi. Mutumin Bawku ko Bolgatanga, inda rani yake da tsawo, zai fi mu morar ta. A Kumasi za ka sha wahalar wata biyu, ruwan Yuni ya zo bakan ya yi laushi.

Gora fa? Ga ta nan ko'ina, har keke ake yi da ita.

Gora tana da ƙarfin ja ƙwarai, kuma dogon bakan Japan da ita ake haɗa shi. Ƙarfin nan ne matsalarta. Idan ka manna ta a kan katako mara nauyi, ba za ta miƙe ba, sai duk wahalar ta koma kan cikin bakan, ya murƙushe. Alamar ita ce ƙananan layuka a kwance a fuskar ciki, kuma bakan ya ƙi komawa miƙe bayan an kwance tsirkiya. Don haka gora tana son aboki mai nauyi da tauri, irin su denya ko kaku.

In ka nace, nemi gora da ta ƙosa, ta bushe, mai faɗin aƙalla santimita 10, don bayanta kada ya yi tudu da yawa. Daga ciki kaɗai ake rage ta, har ta dawo wajen milimita 3 a tsakiya, ta ƙara sirancewa zuwa kawuna, fuskar mannawa ta kwanta sarai. Fatar waje ba a kankare ta sai dai a ɗan goge sheƙinta, gaɓoɓin kuma ba a daidaita su da jiki, domin ƙarfin yana nan daf da fatar. Ana matse ta da dogayen ɗaurin tiyub ɗin keke ko na babur, a nan roba ta halatta. Duba ramukan ƙwaro da kyau. Gorar kudancin Ghana da ta fi yawa tana da sitacin da ƙwaro ke so, kuma garin da ke zuba daga ƙaramin rami alama ce cikin ya riga ya lalace.

Tef ɗin zaren gilashi da ake sa wa bango?

Yana aiki a baka mara nauyi, shafi biyu ko uku da gam ɗin kafinta. Muni gare shi, kuma ƙurarsa tana ƙaiƙayi a fata da maƙogwaro idan ana gogewa, sai an rufe hanci. Yadi yana yin aikinsa ba tare da wannan ba.

Kwana nawa zan jira kafin in ja? Damina da hunturu suna da bambanci?

Suna da shi, babba. Gam da jiƙaƙƙiyar fata suna zuba ruwa cikin itacen, kuma itace mai danshi idan aka lanƙwasa shi ba ya komawa daidai. Ga yadi, kwana biyu zuwa uku a lokacin rani. Ga fata, mako guda aƙalla. A manyan watannin ruwa, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba, ka ninka. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ma'aunin kicin: auna bakan kullum, ranar da nauyinsa ya daina raguwa na kwana uku a jere, ya shirya.

Itacen baka ya fi aiki idan danshin cikinsa yana wajen kashi 8 zuwa 10 cikin 100. A iska mai danshin kashi 80, itace yana zama wajen kashi 16, wato kusan ninki biyu. Shi ya sa bakan da ke harbi da kaifi a Janairu yake yin sanyi a Yuni. Ajiye shi a ɗaki mai iska, can sama kusa da silin, a kwance, ba da tsirkiya ɗaure ba. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ya fi dacewa da liƙi, amma kada ka shanya a rana ko kusa da murhu. Fatar za ta bushe ta waje ta ɗaga gefe tun gam bai kama ba.

Na ji ƙara "tas" ina cikin ja. Me zan yi?

Sassauta a hankali, kada ka saki tsirkiya, kada kuma ka sake ja don ka ji ko za ta ƙara. Kwance tsirkiyar, ka bi bayan da yatsa da auduga; inda audugar ta maƙale ko fatar ta yi tudu, nan ne. Idan ƙaramar tsaga ce a gefe, ɗiga mata gam mai ruwa-ruwa mai saurin kamawa, danne ta, ka naɗe wurin da zare mai ƙarfi ya wuce tsagar ta kowane ɓangare, ka jiƙa zaren da gam. Sannan ka binciki dalili: galibi wurin ya fi sauran lanƙwasa, sai a rage katako a wuraren da suka yi tauri, ba a wurin ba. Idan tsagar ta ratsa faɗin baya, bakan ya gama. Ka rataye shi a bango ka koma amsar zaɓen katako.

Me ake shafawa a kai bayan an gama? Fatar maciji fa?

Fata da yadi duka suna shan ruwa, don haka dole a rufe su. Banish ɗin katako shafi uku zuwa huɗu siri-siri, ana bari kowanne ya bushe, a kula da gefuna da wurin ɗaura tsirkiya. Kakin zuma a sama yana ƙara kariya. Man kaɗe da sauran mai kada su taɓa ɗanyar fata kai tsaye, suna sa ta laushi su raba ta da gam. In kana son zane ko rini, kafin banish ake yi.

Fatar maciji ado ce kawai, ba ta riƙe tsaga, kuma wasu macizan doka ta kare su.

Zan iya farauta da shi?

Farauta a Ghana tana ƙarƙashin sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, kuma sai da lasisi. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta don dabbobi su hayayyafa. Gyazbi ne kaɗai aka keɓe, shi ma da lasisi. Bakan farko mai fam 30 dai na harbin bara ne. Nemi fili da babu mai wucewa a bayan abin harin, ka cika buhu da tsummoki ka jingina da tudu ko bango, ba lungun unguwa inda yara ke ɓullowa ba. Kada ka taɓa sakin tsirkiya ba kibiya a kai, kada kuma ka ba wanda ya fi ka tsawon hannu ya ja, domin bakan da aka daidaita a inci 26 zai iya karyewa a 30.